Ƙaramin Sani Ƙuƙumi Ne

Shekara goma sha tara ina riƙe da shagon buga takardu da fotokwafi a Samaru. Gidana yana Chikaji, kullum da safe in bi ta Kwangila in tafi, da magariba in dawo. A tsawon wannan lokaci babu irin kundin ɗalibin da bai ratsa ta hannuna ba, na aikin gona, na shari'a, na likitan dabbobi. Amma waɗanda na fi jin daɗin bugawa su ne na 'yan sashen zane-zane da na masu nazarin kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa. Ina bugawa ina karantawa, har ta kai in ɗalibi ya rubuta sunan wurin tono irin Taruga ba daidai ba, ni nake gyara masa. Daga nan cutar ta shige ni. A majalisarmu ta bayan isha'i aka fara ce mini Farfesa, da wasa. Sannu a hankali na daina jin wasan da ke ciki.

Abin da na fi taƙama da shi shi ne Nok. Da an taɓo zancen sai in gyara zama. In ce musu Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, kusa da Kwoi, a kudancin jihar nan tamu ta Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a can, aka ajiye shi ba tare da an san abin da aka samu ba. A 1943 aka kai wa Bature Bernard Fagg a Jos wani kan daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don tsorata ɓarayin gona masu fiffike. Fagg ya ga kamarsu ɗaya da na farko, ya raɗa wa al'adar sunan Nok, kuma shi ne ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. In ƙara musu da cewa masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara tono a yankin tun 2005, sun nuna mafarin al'adar ya kai wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Duk wannan gaskiya ne, ban ƙara ko gishiri ba. Abin da ban taɓa gaya wa majalisa ba shi ne, ko ɓallin Nok ban taɓa riƙewa a hannuna ba. Gidan tarihi na Kaduna, da ke nan kusa da hancinmu, ban taɓa leƙa shi ba. Sanina duk na takarda ne, takardar ma fotokwafi.

A watan Fabrairun 2018 labari ya zagaya cewa an sayar da wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a gidan gwanjon Bonhams da ke Landan a kan fam miliyan 1.2. Zanen wata gimbiyar Ife ne da ya yi a 1974, ya ɓace shekara da shekaru, aka tsince shi rataye a bangon wani gida a arewacin Landan. Na ɗauko kalkuleta na mayar da kuɗin zuwa Naira, na sake mayarwa don kada a ce kuskure na yi. Tun daga ranar wani tunani ya zauna mini: dukiya tana nan zube a gidajen waɗanda ba su san ta ba, mai ilimi kaɗai take jira. Mai ilimin kuwa, kun san wanda nake nufi.

Da damina ta faɗi, wata Talata da hantsi, wani mutum ya shigo shago. Tsamurmuri ne, cikin koɗaɗɗiyar shadda, da takalmin roba duk taɓo. Ya miƙo takarda ɗaya ya ce a yi masa kwafi biyar. Da na ɗora ta a kan gilashin injin sai na ga hoton wani kai na yumɓu a sama, rubutun Turanci a ƙasa, da wani zanen layi mai hawa da sauka, da hatimi.

Ba wanda ya tambaye ni komai. Ni na buɗe baki.

"Wannan ai Nok ne."

Mutumin ya zabura, ya waiga ƙofa, ya sassauta murya. "Yallaɓai, ashe ka san abin? Don Allah rufa mini asiri."

Wallahi har cikin ƙashina na ji daɗin wannan zabura. Na ja masa kujera, na aiki yaro ya sayo lemo, na shiga karanta masa 1928 da 1943. Yana girgiza kai yana cewa, "Ikon Allah! Mu muna zaune da abu ba mu san shi ba." Minti talatin ina yi masa lacca. Yanzu na gane a cikin minti talatin ɗin nan ni ne littafin da ake karantawa.

Labarinsa ya tafi sumul. Ruwan sama ya zaftare gefen gonar yayansa a wajen Kwoi, kan ya fito. Wani dillali daga Lome ya zo ya gani, ya ɗebi garin jikinsa ya kai Turai aka gwada, ga takardar sakamako. Dillalin zai dawo bayan wata biyu da daloli. Sai dai mahaifiyarsu tana kwance a asibiti, ana neman kuɗin aiki cikin satin nan. In da za a sami mai tsoron Allah ya saya yanzu, in dillalin ya dawo sai a haɗa su, riba ta zama tasa. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya ji, don in ma'aikatan gidan tarihi suka sami labari ƙwacewa za su yi.

Washegari bayan magariba ya kai ni wani ɗaki a bayan layin masu walda, nan cikin Chikaji, tafiyar minti goma daga ƙofar gidana. Ya jawo buhun siminti daga ƙarƙashin gado, ya warware tsummokara. Kan ya kai girman ƙwaryar fura, ja mai duhu, da busasshiyar ƙasa a maƙale a lungunansa.

Na fito da tocila na shiga bincike irin na Farfesa. Kundayen ɗalibai sun ce idon Nok mai kusurwa uku ne ko kamar rabin wata, da huda a ƙwayarsa. Na duba, ga shi. Sun ce akwai huda a hanci da kunne da baki. Ga su. Sun ce cikinsa rami ne, ba cushe yake ba. Na zura yatsa ta wuya, rami ne. Sun ce yumɓun yana da tsakuwa-tsakuwa, fatar jikin ta zaizaye saboda daɗewa a ƙasa. Na shafa, ga kaushi. Ga kitso mai tuntu a ka. Kunnen hagu ya ɗan gutsure, wannan ma ya ƙara mini natsuwa, don na ce abin da ya shekara dubu biyu a ƙasa dole ya ji rauni. Duk abin da na nema na samu. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko wanda ya ƙera shi ma ya karanta abin da na karanta.

Sai takarda. Na san sunan gwajin, na sha buga shi. Ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu suna tara wani ƙarfi daga ƙasar da ke kewaye da su, kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara. Ranar da aka gasa yumɓu wuta takan share abin da ya taru, lissafi ya faro daga sifili. In aka ɗebi ɗan gari daga jikin abin aka zafafa shi a ɗakin gwaji, yakan fitar da wani ɗan haske, yawan hasken shi ke nuna tun yaushe rabonsa da wuta. Takardar ta ce fiye da shekara dubu biyu. Na yi wa mutumin wannan bayanin ma, ya ce, "Kai, ilimi kogi ne."

Ku tsaya ku dubi wannan wuri da kyau. Ni mai fotokwafi ne. Na san yadda ake liƙa hoto a kan hoto, a shafe suna da farin ruwa, a ɗora a inji ta fito tas kamar ba a taɓa ta ba. Na sha korar yaran da suka zo in yi musu haka da sakamakon jarrabawa. Amma aka miƙo mini kwafin kwafi, babu ta asali, babu lambar da zan kira, na karɓa da hannu biyu kamar wasiƙar Sarki.

Ya sa Naira 600,000. Na taya, ya yi rantsuwa, na miƙe kamar zan tafi, ya riƙo rigata. Muka daidaita a 350,000. Na fito ina jin na ƙware shi, har da ɗan tausayinsa. Kuɗin kuwa na adashen da muka kwasa ne ni da uwargida, wanda aka ware don kayan ɗakin 'yarmu ta fari, da aka sa bikinta bayan Babbar Salla da wata uku.

Na ɓoye kan a sito, bayan buhunan masara. Kwana huɗu uwargida ta gano shi.

"Malam, gunki ka kawo mana gida?"

Na ce ba gunki ba ne, tarihi ne, kuma jari ne. Na fara mata 1928. Ta bar ni na kai har 1952, sannan ta tambayi inda kuɗin adashe suke. Da na faɗa mata, ta daɗe tana kallona.

"To, Allah Ya sa tarihin ya san hanyar 'yan katako," in ji ta, ta koma kicin.

Wata biyu suka cika, dillalin Lome bai zo ba. Na kira mutumina, ya ce an rufe hanya, a ƙara haƙuri. Sati biyu bayan nan wayar ta daina shiga. Na je ɗakin bayan masu walda, na tarar da wani ɗan acaɓa a ciki, ya ce wancan haya ta wata ɗaya ya yi. Ko a nan ban farka ba. Cewa na yi wataƙila tsohuwar ce ta cika, ya tafi gida. Kan dai yana hannuna, kuma na gaske ne, tunda ni na duba.

Zariya gari ne da masana wannan fanni suka yi yawa. A nan Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai, tun kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Har yau ana koyar da zane da sassaƙa da ginin tukwane da nazarin kayan tarihi a Samaru. Rabin malaman suna shigowa shagona. Kuɗin mota na zuwa da dawowa ya ishe ni in tambaya kafin in biya. Ban tambaya ba, kuma ba don sharaɗin mutumin kaɗai ba. Tsoro nake kada wani ya riga ni saye, kuma ina ƙyashin a ce Farfesa ya je neman fatawa.

Da biki ya matso, dole ta sa na naɗe kan a zani na nufi Hayin Dogo wajen wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da aikin yumɓu, tsohon abokin cinikina. Don in faɗi gaskiya duka, ban je don ya duba mini ko na gaske ne ba. Na je ne ya gaya mini nawa zai yi, kuma wa zai saya.

Na same shi a zaure yana jin rediyo. Muka gaisa, na warware zanin a gabansa ina murmushi. Bai taɓa shi ba. Ya sa tabarau, ya dube shi kamar na minti ɗaya, ya dube ni.

"Nawa ka biya, ɗana?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Inna lillahi." Ya dafa bango ya miƙe, ya shiga cikin gida. Na zauna ina jin labaran ƙarfe huɗu, ina ce wa raina ya tafi ɗauko lambar wani attajiri ne.

Ya dawo rungume da kwali. Ya buɗe, ya fito da wani kai, ya ajiye shi kusa da nawa a kan tabarma.

Ido ɗaya. Kitso ɗaya. Tuntu ɗaya. Na kai dubana kunnen hagu. A gutsure yake, daidai wurin da nawa ya gutsure, gutsurin ma fasalinsa ɗaya, kamar an ciza da haƙori ɗaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon kunnuwan nan biyu ba. Na ji zufa tana bin bayana alhali ana iska. Abin mamaki, zuciyata ba ta sallama nan take ba. Sai da ta yi ta fafutukar neman mafita: wataƙila maƙeri ɗaya ya yi su a zamanin da, wataƙila nawa ne na asali aka kwaikwayi wancan daga jikinsa. Har na buɗe baki na ce, "Baba, ko dai tagwaye ne?"

Bai yi dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce mutanen Nok da hannu suke gini, kamar yadda mata ke gina tukunya, suna ɗora murjin laka a kan murji, don haka ba a samun biyu da suka zama ɗaya sak. Waɗannan zubi aka yi musu a abin zubi ɗaya, kamar bulo. Wanda ya yi abin zubin ya kwafe har da raunin kunnen. Ya juya nawa, ya nuna mini wani siririn layi da ya taso daga bayan kunne ya bi ƙeya, inda ɓari biyu suka haɗu aka goge da sandifefa. Ya aika jikarsa ta karɓo ruwan goge jan farce wajen uwarta, ya jiƙa auduga ya shafa a lungun ido. Ƙasar nan ta shekara dubu biyu ta narke ta biyo audugar, tana yauƙi, tana warin gam.

Na yi ƙarfin hali na zaro takardata. "Amma Baba, gwajin fa?"

Ya sa hannu a kwalin ya zaro irinta. Wani ɗan kasuwa ne daga Sabon Gari ya kawo masa kan da takardar wata guda da ya wuce, da ya ji gaskiya ya tafi ya bar su, ya ce ba ya son sake ganinsu. Na karɓi takardar. Hoto ɗaya, hatimi ɗaya. Sai idona ya sauka a gefen hagu, inda wani baƙin layi siriri ya ratsa daga sama har ƙasa.

Na san layin nan kamar yadda na san tafin hannuna. Babban injina ne ke yin sa, wata shida ina cewa zan kira mai gyara.

Kwafi biyar. Mutum ya shigo shagona ya ce in yi masa kwafi biyar na takardar shaidar kai ɗaya, na yi masa da hannuna, na ƙirga, na miƙa masa, har na ce ya bar kuɗin. Kai ɗaya me zai yi da takarda biyar? Yaron shagona da bai gama sakandare ba zai iya yin wannan tambaya. Ni ina can ina lacca.

Dattijon ya ba ni ruwa. Ya ce ko takarda ta asali ce ba ta isa shaida ita kaɗai ba, domin masu jabu sun daɗe da gano gwajin. Sukan samo ɓallin Nok na gaske su dasa a gindi ko a ƙeya, inda aka saba ɗibar gari, sauran jikin kuwa sabo ne. Wasu sukan haɗa ɓaraguzai daga wurare daban-daban su gina mutum guda da gam. Shi ya sa masu gwajin kirki suke ɗiba daga wurare da yawa, su kuma ɗauki hoton cikin abin da na'ura irin ta asibiti don su ga mahaɗai. Ya ce masu tono na ilimi kusan kullum a farfashe suke samun kayan Nok, don haka duk wanda ya zo maka da lafiyayye sumul, ka ƙara buɗe ido. Tambayar farko kuma ba ta ido da hanci ba ce: daga ina abin ya fito, hannun wa da wa ya bi, wa zai tsaya ya shaida da sunansa?

Don ya sanyaya mini rai ya ba ni labarin Han van Meegeren na ƙasar Holan, wanda ya zana jabun aikin shahararren mai zane Vermeer, babban masani Abraham Bredius ya duba a 1937 ya yaba shi a matsayin na gaske. Asiri bai tonu ba sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka kama shi da laifin sayar wa Göring na Jamus dukiyar ƙasa, ya ga gara ya amsa laifin jabu. Dattijon ya ce mai jabu ba ya yin abin da ya fi kyau, abin da masani ke fatan gani yake yi masa. Na ɗan ji sanyi, na ce ashe ina da manyan abokan tafiya.

Sai ya cire tabarau. "To, ɗana, da na gaske ne fa? Me za ka yi da shi?"

Na yi shiru.

Ya ce dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya sai ga wanda hukuma ta amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Sakkwato da na Katsina a jerin waɗanda aka fi wawashewa. Ko Faransa, da ta baje wasu a gidan tarihi na Louvre a wannan shekarar, sai da surutu ya sa ta amince a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, aro aka ba ta na shekara 25. Ya ce duk kan da aka tono a ɓoye, an farfasa wurin da zai gaya mana yadda mutanen suka rayu, kuma ba a sake gyara shi.

Duk wannan ma na sani. Na buga shi a kundi ya fi sau goma. Wata uku ina addu'ar Allah Ya sa abin da ke bayan buhunan masarata kayan sata ne na gaske. Da mutumin ya ce kada hukuma ta ji, ya riga ya gaya mini ɗayan biyu ne, ko jabu ko haram, ni kuwa na zaɓi in yi fatan haram ɗin. Shi ya sa ban iya kai ƙara ko'ina ba. In je in ce me? An cuce ni, an hana ni aikata laifin da na biya kuɗi don in aikata?

Babban injin na sayar, mai baƙin layin, shi ya sayi gado da katifa da kujerun amarya. Uwargida ba ta ce "ai na faɗa maka" ba ko sau ɗaya, wanda ya fi mini ciwo a kan ta faɗa. Mutum uku da suka karɓi sauran kwafin ban san su ba, amma takardar da aka cuce su da ita daga hannuna ta fita, wannan kuma ina neman gafarar Allah a kansa.

Kai mai karatu, kada ka ce ai kai ba ruwanka da yumɓu. Naka kan Nok ɗin yana iya zuwa a siffar fili mai araha, ko tsohon littafin da aka ce rubutun hannun wani waliyyi ne, ko zinaren da mai shi ke sauri. Zai zo ta fannin da kake ganin ka fi kowa sani, don ta nan ne ba ka tambaya. In an ce maka yau-yau, ka ce gobe. In an ce kada kowa ya ji, ka tafi da ƙafarka wajen wanda ya fi ka sani, tun kuɗinka suna aljihu.

Kan yana nan a shago, ina danne takardu da shi kada fanka ta kwashe. Daga baya na je Kaduna na tsaya gaban na gaske a bayan gilashi, na daɗe ban ce komai ba, abin da ban saba ba. A majalisa har yau Farfesa suke ce mini. Yanzu ina jin sunan yadda suke nufinsa tun farko.